Uwa Ta Farka Hannunta Ya Sage: Abin da Ke Kawo Shi, da Lokacin da Ba a Jira

A ranakun awon yara a garuruwan gundumar Madarunfa, bayan an auna damtsen yaro an rubuta nauyinsa a kati, sau da yawa uwa kan ɗan tsaya, goyo a baya, ta kawo nata kukan a taƙaice kamar mai jin nauyin faɗa. Takan ce da asuba hannunta yakan mutu, ba ta iya ɗaura zane sai ta yarfa shi, wani lokaci kuma zafinsa ne yake tashinta cikin dare. Da yake layi yana da tsawo, kuma yaro aka zo dubawa, amsar da takan samu ba ta wuce a ce mata sanyi ne, ko kuwa kwanciya ce ta yi a kansa. Sau da yawa amsar tana kan hanya. Amma akwai lokutan da ba haka ba ne, kuma saboda su ne muka ware wannan takarda domin iyaye mata da wakilan lafiya na gari, waɗanda muka saba kira relai. Hannun uwa shi ne yake dama kunu, shi yake riƙe nono a bakin jariri, shi yake daka. Idan ya raunana, tukunyar yaro ce take fara nunawa.

Abin da yake faruwa a cikin hannu

Kalmar jijiya a Hausa tana ɗauke da abubuwa uku da aikinsu ya bambanta, kuma rashin rarrabe su yana jawo ruɗani tsakanin maras lafiya da ma'aikacin likita. Akwai jijiyar jini, wadda jini ke gudana a cikinta. Akwai agara, wadda ta ɗaure tsoka da ƙashi. Sannan akwai jijiyar saƙo, farar igiya mai laushi da ke kai labari daga fata zuwa ƙwaƙwalwa, ta kuma dawo da umarni zuwa ga tsoka. Sagewar hannu kusan kullum magana ce ta wannan ta ukun.

Jijiyoyin saƙo na hannu suna fitowa ne daga laka, ta tsakanin ƙasusuwan wuya, su bi ta ƙarƙashin ƙashin kafaɗa su ratsa hammata, sannan su rabu. Manya uku ne suke isa har yatsu. Ta farko tana bin tsakiyar hannu ta ratsa wuyan hannu ta gefen tafi, ita ce mai kula da babban yatsa da manuni da na tsakiya da rabin yatsan zobe. Ta biyu tana zagayawa ta bayan gwiwar hannu, inda fata kaɗai ta rufe ta, ita ce wadda in mutum ya bugi gwiwar hannunsa da bakin ƙofa yake jin tsirr har ƙaramin yatsa. Ta ukun tana naɗe ƙashin damtse ta baya, ita ce ke ɗaga wuyan hannu sama, ta kuma kai ji ga bayan hannu.

Jijiyar saƙo tana rayuwa ne da ƙananan hanyoyin jini da ke ciyar da ita. Idan nauyi ya danne ta na wani lokaci, abincinta ya yanke, sai ta daina kai labari, hannu ya zama kamar na wani. Da an ɗauke nauyin jini ya dawo, sai ta farfaɗo a rikice, tana aika saƙonnin da ba su da kan gado. Wannan shi ne tsikarin da muke kira minjirya, sunan kifin nan da masunta suka sani, wanda in an taɓa shi yake girgiza hannu. Minjirya alama ce ta farfaɗowa. Mai barci yakan juya sau da dama cikin dare ba tare da ya sani ba, shi ya sa dannewar ba ta cika daɗewa ba. Wanda gajiya ta yi wa yawa kuwa yakan kwana a gefe guda, haka ma uwar da ta hana kanta motsi don kada ta tashi jariri.

Sagewar da kwanciya ta kawo tana da halinta. Hannu ɗaya ne, wanda aka kwanta a kai ko wanda yaro ya yi matashi da shi. Da an tashi an motsa shi, cikin ƴan mintoci ji ya dawo, ƙarfi ya dawo, yini ya wuce ba a sake tunawa da shi ba. Irin wannan ba ya bukatar magani. Abin da yake bukata shi ne gyaran kwanciya. Uwa mai shayarwa a kwance ta kwanta a gefenta, ta miƙa hannunta na ƙasa sama da kan jariri a kan tabarma ko katifa, kada ta sa shi ƙarƙashin kansa. Kan jariri ba shi da nauyi a minti ɗaya, amma dare yana da tsawo. Ta sa matashi ko zane a naɗe ƙarƙashin kanta yadda wuyanta zai daidaita, ta kuma guji naɗe gwiwar hannu ta cusa tafi ƙarƙashin kumatu har gari ya waye, domin lanƙwasa gwiwar hannu na sa'o'i yana ja wa jijiyar bayanta. A lokacin dari, sa'ad da kowa ke dunƙulewa cikin bargo a ƙarƙashin sange, wannan ƙorafi yakan ƙaru.

Akwai wani nau'i mai ban tsoro na wannan dannewa. Mutum ya yi barci mai nauyi da damtsensa a kan katakon gado ko bayan kujera, ko wani ya kwana a kan hannunsa, sai ya farka wuyan hannunsa ya langaɓe, ba ya iya ɗaga shi. Jijiyar da ta naɗe damtse ce ta sha matsa mai tsawo. Yawanci tana warkewa, amma takan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. Ko da yake hakan ne, wanda ya farka da hannu a langaɓe ba shi ne zai yanke wa kansa hukunci ba. A kai shi likita a ranar, saboda dalilin da za mu zo kansa a gaba.

Wuyan hannu, ciki da jego

Mafi yawan matan da suke kawo mana wannan kuka, idan aka zauna aka saurare su, labarinsu iri ɗaya ne. Ba sau ɗaya abin ya faru ba, kusan kowane dare ne. Yatsu ukun farko ne suke sagewa, ƙaramin yatsa kuwa lafiyarsa lau. Zafin yana tashinsu tsakar dare ko gab da asuba, su zauna suna yarfa hannu har ya lafa. Wani lokaci zafin yana hawa har gwiwar hannu ko kafaɗa. Da rana allura takan suɓuce musu, ko su kasa tsince tsakuwa a cikin wake. Da yawansu suna da ciki wata bakwai zuwa tara, ko kuwa suna goyon jariri ɗan ƴan watanni.

A wuyan hannu akwai wata ƴar ƙuntatacciyar hanya. Ƙananan ƙasusuwa takwas sun yi mata ƙasa da gefe, wata agara mai kauri ta rufe ta sama kamar murfi. Ta cikinta ne agara tara masu lanƙwasa yatsu suke wucewa, tare da jijiyar saƙo guda ɗaya. Hanyar ba ta buɗewa. Duk abin da ya kumbura a ciki, jijiyar ce take shan matsi, domin ita ce mafi laushi. Mai ciki jikinta yana tara ruwa, musamman a watannin ƙarshe. Da rana ruwan yana sauka ƙafafu, da dare in ta kwanta sai ya bazu ko'ina har hannuwa. Ga shi kuma mai barci yakan lanƙwasa wuyan hannu ba da saninsa ba, hanyar ta ƙara ƙuntata. Wannan ne ya sa ciwon ya fi son dare.

Sai a ɗora aikin yini a kan wannan. Macen karkara a nan takan fara da taɓarya: sussuka, surfe, ribiɗi, dakan fura. Kowane bugu yana dawowa ta tafin hannu zuwa wuyan hannu. Daga nan sai igiyar guga, sai tuƙin tuwo da muciya, sai wanki da matse zannuwa, mai sana'ar ƙuli-ƙuli kuma ga matsar tunkuza. Babu ɗaya a cikinsu da ba damƙa da murɗawa ba ne. Agarar da ta yini tana gogayya takan kumbura, ta kwana tana matse maƙwabciyarta.

A nan zan faɗi ra'ayina. Gaya wa irin wannan mace ta huta magana ce da ba ta da amfani in ba a gaya wa mutanen gidanta ba. Ba ita ke da ikon ajiye taɓarya ba. Relai da ya ga mai tsohon ciki ko mai jego da wannan ciwo, ya fi kyau ya nemi maigidan da uwar miji ya yi musu bayani cikin ladabi: a kai hatsi injin niƙa na ƴan makonni in da hali, a raba daka da kishiya ko ƴanmatan gida, wani ya karɓi jan ruwa. Kuɗin niƙa na wata guda bai kai abin da ake kashewa a kan ƙwayoyin ƴan talla ba.

Abin da uwa za ta iya yi da kanta kaɗan ne, amma yana aiki. Babbansu shi ne hana wuyan hannu lanƙwashewa da dare. A samu kwali mai ɗan ƙarfi, faɗin yatsu uku, tsawonsa daga tsakiyar tafi zuwa rabin sangalin hannu, a naɗe shi da tsumma mai laushi, a ɗaura ta gefen tafi da ƙyalle. Kada a matse. Yatsu su kasance a sake, kuma in sun yi sanyi ko sun sake launi a kwance ɗaurin nan take. Da safe a cire. Ta ɗora hannun a kan matashi in za ta kwanta, ta kuma rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano in jikinta yana kumbura. Wajen shayarwa a zaune, ta sa matashi ko zane a cinya ya ɗauki nauyin jariri, maimakon ta tallafe kansa da lanƙwasasshen hannu har ya ƙoshi. Ga yawancin mata ciwon yana tafiya bayan haihuwa, cikin makonni ko ƴan watanni, sa'ad da ruwan jiki ya sauka. Idan ya wuce haka, ko sagewar ta daina tafiya da rana, ko tudun naman da ke gindin babban yatsa ya fara shafewa idan aka gwada shi da na ɗaya hannun, to jijiyar ta fara lalacewa, sai a asibiti. Akwai allura da ake yi a wurin, akwai kuma ƙaramin aiki da ake yanke murfin nan jijiyar ta sami sarari.

Wani ciwon da ake haɗawa da wannan shi ne zafi a gindin babban yatsa, ta gefen wuyan hannu, wanda yake tsananta in uwa ta ɗaga yaro ta hammata da babban yatsa a buɗe. Wannan kumburin agara ne, babu sagewa a cikinsa. Ta riƙa ɗaukar yaron da tafi a ƙarƙashin ɗuwawunsa da bayansa.

Wuya ma yana da nasa rabon. Tulu, jarka mai lita 20 ko 25, damin itace, duk a ka suke hawa tun mace tana yarinya, kuma gammo fatar kai kawai yake karewa. Idan faifan da ke tsakanin ƙasusuwan wuya ya goge ko ya turo, yakan danne jijiya tun daga tushenta. Alamarsa ita ce zafin yana farowa daga wuya ko allon kafaɗa ya gangaro hannu, yana ƙaruwa in an juya kai ko an yi tari, wasu kuma sukan ji sauƙi in sun ɗora tafin hannu a bisa kai.

Kwanon uwa

Jijiyar saƙo tana da riga da ta lulluɓe ta, kamar robar da ke jikin wayar lantarki, kuma jiki yana gina wannan riga ne da abin da aka ci. Sinadarin da ya fi muhimmanci a nan shi ne bitamin B12. Bukatar jiki gare shi ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ba ta kai miligiram ɗaya ba a wata, amma ba a samunsa a gero ko dawa ko wake ko ganye. Daga abincin dabba kaɗai yake zuwa: nono, kindirmo, ƙwai, kifi, nama, musamman hanta. Hantar mutum tana ajiye shi na shekaru, shi ya sa ƙarancinsa ba ya bayyana da wuri. Macen da ta yi ciki bayan ciki, shayarwa bayan shayarwa, tana ba da shi ga ɗan tayi da jariri, alhali furarta ruwa ce da tsamiya ba nono, ajiyarta tana ƙarewa a hankali.

Sagewar da rashin abinci ya kawo ta sha bamban da ta kwanciya. Ba ta zaɓar hannu ɗaya. Takan fara a yatsun ƙafa da tafin ƙafa, hagu da dama, sannan ta zo yatsun hannu. Yarfa hannu ba ya kore ta, kuma tana nan dare da rana. Tare da ita akan ga kasala, haki bayan ɗan aiki, farin ido da farin tafi, harshe ya yi sulɓi yana zafi, wata ma ta riƙa tangaɗi in ta fita tsakar gida cikin duhu. Abin da ya sa mu ma'aikatan abinci muka damu da wannan shi ne, nonon uwa yana ɗauke da B12 ne gwargwadon abin da ke jikinta. Jaririn uwar da ta rasa shi yakan yi laushi, ya yawaita barci, ya ƙi abinci, ya makara wajen zama da rarrafe. Saboda haka uwar da ta ce ƙafafunta da hannuwanta suna sagewa, a dubi ɗanta da kyau ko da ma'aunin damtse ya nuna kore. Shayarwa kuwa ta ci gaba. Uwar ce za a ciyar.

Madarunfa ba ta rasa abin da ake bukata ba. Ga tafki da kifinsa, ɗanye da busasshe. Ga ƙwan zabi da damina, ga nonon shanu da na awaki, ga lambunan Jiratawa da na bakin Gulbi da zogalensu. Matsalar ita ce hanyar da abincin yake bi: kifi da ƙwai kasuwa suke tafiya, nama in ya shigo gida kwanon maigida yake fara sauka, uwa kuma ita ce ta ƙarshe a ci. A wasu gidaje har yanzu ana hana mai ciki ƙwai. Babu cutar da dafaffen ƙwai yake yi wa mai ciki ko abin da ke cikinta. Ƙananan busassun kifi da aka daka tare da ƙashinsu aka zuba a miya suna ba da B12 da sinadarin ƙarfin ƙashi gaba ɗaya, kuma sun fi tsoka araha. Ludayin nono a cikin fura kullum ya fi naman Sallah na kwana uku amfani ga jijiya.

Sauran bitamin na dangin B suna cikin wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, da dusar hatsi. Surfe mai tsanani da wanke tsaba sau da yawa suna tafiya da wani kaso nasu zuwa kwanon akuya. Ƙarancin sinadarin ƙarfin ƙashi kuma yana da tasa alamar ga masu ciki da masu shayarwa: tsikari a kewayen baki da kan yatsu, tare da ɗaurewar tsoka har yatsu su ƙage. Wannan ma na likita ne. Ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa a awon ciki a sha su kullum kamar yadda aka ce, amma a sani ba su ɗauke da B12, ba su maye gurbin nono da kifi ba.

Cututtukan da ke ɓuya a bayan sagewa

Ciwon suga yana cin jijiyoyi a hankali, shi ma daga ƙafa yake farawa, sau da yawa da zafi kamar an taka garwashi da dare. Wanda ke da wannan tare da yawan ƙishirwa, yawan fitsari da rama, a auna jininsa. Mai shan maganin tarin fuka kuma, ɗaya daga cikin ƙwayoyin, isoniyazid, yana rage bitamin B6 a jiki, kuma masu ciki da masu shayarwa da masu tamowa sun fi saurin jin haka. Kada ya daina magani. Ya koma inda ake ba shi ya faɗa, akwai ƙwayar B6 da ake haɗa masa.

Sai kuturta, wadda mutane ba sa son a ambata. Ƙwayar cuta ce ke kawo ta, wani likita ɗan ƙasar Norwe mai suna Hansen ya gano ta a 1873, kuma jijiyoyin saƙo take kamawa tun kafin a ga komai a yatsu. Jijiyar bayan gwiwar hannu tana cikin waɗanda ta fi so. Alamar farko takan zama tabo a fata wanda ya fi sauran jiki haske, ba ya ƙaiƙayi, kuma in an shafa shi da auduga mutum ba ya ji. Ko kuwa ƙaramin yatsa ya sage ya ƙi farfaɗowa, mace ta riƙa ƙonewa a murhu ba ta sani ba sai ta ga bororo. Dungulmin da ake tsoro sakamakon jinkiri ne: hannun da ba ya jin zafi yana ta samun rauni. Cutar tana warkewa da ƙwayoyi na wata 6 ko 12, kuma tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da su kyauta. Wanda ya fara sha ya daina yaɗa ta. Mu a nan ba mu da nisa da masana wannan ciwo, domin asibitin Danja, a kan hanyar Maraɗi, ya shafe shekaru da dama yana kula da masu ita. Relai da ya yi zargin haka ya yi maganar a keɓe, ba a gaban layi ba.

Inda ba a jira gari ya waye

Mun ce wanda ya farka da hannu a langaɓe a kai shi likita a ranar. Dalili shi ne shanyewar ɓarin jiki ma haka take farawa, kuma sau da yawa cikin barci take zuwa. Hanyar jini ce take toshewa ko ta fashe a cikin ƙwaƙwalwa. Relai yana iya gwadawa a tsaye a ƙofar ɗaki. Ya ce wa mutum ya yi murmushi, ya duba ko baki ya karkace. Ya ce ya miƙa hannuwa biyu gaba ya rufe ido, ya duba ko ɗaya yana sauka. Ya sa shi ya faɗi sunansa da na garinsu, ya saurara ko harshe ya yi nauyi ko magana ta rikice. Ya duba ko ƙafar wannan gefen ita ma tana ja. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a nemi mota ko amalanke nan take. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko kunu, domin haɗiya takan lalace ya shaƙe. A kwantar da shi a gefensa. Ko da alamun sun tafi da kansu bayan ɗan lokaci, a tafi, domin irin wannan gargaɗi ne na babba mai zuwa. An saba danganta wannan ciwo da iska, a kwana biyu ana hayaƙi kafin a tuna da asibiti, alhali mafi yawansa hawan jini ne da ba a taɓa aunawa ba.

Ga mai ciki da ta wuce wata biyar, ko mai jego a cikin kwana arba'in, akwai wata haɗuwar alamu da ya kamata kowace ungozoma da kowane relai su haddace. Hannuwa sun sage sun kumbura har zobe ko awarwaro ya matse, fuska ta kumbura da safe, ga ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, ido yana ganin dishi-dishi ko walƙiya, ko zafi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Wannan hawan jinin ciki ne, wanda ke gab da zama jijjiga. Awon da ya kai 140 bisa 90 ya isa a ɗauki mataki. Sagewar yatsu kaɗai ga mai ciki ba ta nufin haka, amma tunda kumburi ne tushen duka biyun, duk mai cikin da ta kawo kukan hannu a auna jininta a CSI cikin kwana ɗaya ko biyu, kada a jira ranar awo ta gaba. In akwai ciwon kai ko matsalar gani, a daren za a tafi. CSI ce za ta tura asibitin gunduma a Madarunfa ko cibiyar uwa da yaro ta Maraɗi in abin ya fi ƙarfinta.

Zuciya ma takan aiko da kukanta ta hannu, galibi na hagu. Zafin yakan zo da nauyi a ƙirji kamar an ɗora dutse, da gumi mai sanyi, da tashin zuciya, da haki, kuma juya hannu ko yarfa shi ba ya sauya komai. Ga mai jego akwai wani abu dabam: tun a shekarun 1970 likitocin Zariya suka bayyana yawan raunin zuciya bayan haihuwa a ƙasar Hausa, suka kuma lura da alaƙarsa da yawan kunun kanwa da zafin wankan jego. Mai jegon da jikinta ya kumbura, ba ta iya kwanciya sai a jingine saboda numfashi, tana tari da dare, a dakatar da kanwa a kai ta asibiti. Haka kuma hannun da ya kumbura shi kaɗai ya yi zafi da zazzaɓi, ko ya yi sanyi ƙalau ya sake launi.

Abin da ake yi a gida wanda yake ƙara ɓarna

Fatar da ta sage ba ta iya faɗin cewa ruwa ya yi zafi. Gashi da tafasasshen ruwa ko tsumman da aka ɗora a murhu ya ƙona mata da yawa, ruwa mai ɗumi da aka gwada da lafiyayyen hannu ya wadatar. Ƙaho da tsaga ba sa kaiwa inda jijiyar take matse, sai dai su bar rauni a hannun da ke dama abincin yaro. Ƙwayoyin ciwon jiki na ƴan talla, irin su diklofenak da ibuprofen, suna da haɗari ga mai ciki, musamman a watanni ukun ƙarshe, suna kuma iya ɗaga hawan jini. Tramol kuwa yana bi ta nono ya kai ga jariri. In zafi ya hana barci, parasetamol a ma'aunin da ma'aikacin lafiya ya faɗa shi ne mafi aminci kafin a je a duba.

Relai ba ya bukatar na'ura don ya taimaki majo a CSI. In ya rubuta a takardar turawa wane hannu ne ko duka biyu, waɗanne yatsu, tun yaushe, ko yana tafiya in an yarfa, ko ƙafafu na ciki, watan cikin ko kwanakin jego, da magungunan da matar ke sha, ya rage wa mai dubawa rabin aiki. Ya kuma tambaye ta abin da ta ci jiya tun safe har dare, da ranar ƙarshe da ta sha nono ko ta ci kifi ko ƙwai.

Ƙaramin yaro ba ya cewa hannunsa ya sage, sai dai a ga ya daina amfani da shi. Jaririn da bayan hannuwansa ko ƙafafunsa suka kumbura yana kuka in an taɓa, a yi masa gwajin amosanin jini. Yaron da bai kai shekara 15 ba kuwa, in ya wayi gari hannu ko ƙafa ta saki ba tare da faɗuwa ko rauni ba, a sanar da CSI a ranar, domin ana ɗaukar bayan gidansa sau biyu cikin kwana 14 na farko a bincika ko shan inna ce.